Agolana Ya Ƙi Neman Jami'a, Ya Ce Kantin Kawunsa Ya Ishe Shi

Salamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya da iyali. Ni mutumin Maraɗi ne, shekarata 19 a Niyok, ina tuƙin tasi, muna zaune a Bronx. Shekara shida ke nan da na auri wata 'yar Jamhuriyar Dominikan. Ta zo mini da ɗa namiji, a nan aka haife shi, amma kakarsa ce ta raine shi a Santiyago har ya shekara biyar. Allah ya ba mu wasu biyu tare. Yanzu yaron yana ajin ƙarshe na sakandare, kuma wallahi haziƙi ne, makinsa bai taɓa sauka ƙasa da 90 ba, malamin lissafinsu har waya ya yi mana. Amma ya ce ba zai nemi jami'a ba. Da yamma yana aiki a kantin kawunsa, irin kantin unguwa da suke kira bodega, ya ce yana gamawa a watan Yuni zai koma can gaba ɗaya. Cikin abin da yake samu ne yake aika wa kakar kuɗin magani duk wata. Uwar kuma in na tayar da maganar sai ta yi shiru, ko ta ce kada a cike wa gwamnati wani fom yanzu, tunda na shigar mata da takardun zama kuma har yau ba su fito ba. Makon jiya raina ya ɓaci, na ce ai matsalarku ke nan ku 'yan Latino, ba ku ɗauki boko a bakin komai ba, ga 'ya'yan 'yan Ghana da 'yan Najeriya na masallacinmu duk suna jami'a. Yaron ya dube ni ya ce, kai ba ubana ba ne. Tun ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Abokaina sun ce agola ne, in zare hannuna. Zuciyata ta ƙi. Yaya zan yi?

Mijin uwa, daga Bronx

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya saka maka da alheri da ka ƙi bin ta abokanka.

Kafin in taɓa maganar yaron, ina da tambaya gare ka: nawa kake aikawa Maraɗi duk ƙarshen wata? Ba sai ka faɗa mini ba. Na san akwai na hatsi, akwai na maganin tsohuwa, akwai na ragon layya, akwai na ƙanen nan da kullum jarinsa a karye yake. Shekara shida yaron nan yana kallon maigidan gidansu yana fita kafin asuba, ya dawo da ciwon baya, ya biya ta shagon aika kuɗi kafin ya shigo. Yau ya kai 17 ya ce shi ma abin da zai yi wa kakarsa ke nan, sai ka ce ba ya son boko. Da a Maraɗi ne yaro ya bar aji ya shiga kasuwa don ya riƙe tsohuwar da ta goya shi, ɗan albarka za a ce da shi, kuma da bakinka za a faɗa.

Maganar da ka yaɓa musu kuwa ba gaskiya ba ce. A 2009 cibiyar bincike ta Pew ta tambayi matasan Latino 'yan shekara 16 zuwa 25, kusan tara cikin goma suka ce karatun jami'a yana da muhimmanci in mutum yana son ci gaba. Amma kusan rabi ne kawai suka ce su kansu suna da shirin yin digiri. Da aka tambayi waɗanda suka katse karatu me ya sa, kusan uku cikin huɗu suka ce nauyin iyali ne. Binciken ya kwana biyu, kuma tun daga lokacin yawansu a manyan makarantu ya ƙaru ƙwarai, amma ka sake karanta amsar nan ka gaya mini ko ba maganar cikin ɗakinka ba ce. In alƙaluma ba su ishe ka ba, gobe in fasinja ya bi da kai ta mahaɗar Grand Concourse da titi na 149, ka ɗaga kai ka dubi kwalejin Hostos. A 1968 aka kafa ta saboda matsin lambar mutanen Puerto Rico na unguwar. A 1976 da birnin ya shiga matsalar kuɗi aka so a rufe ta, ɗalibai da mutanen unguwa suka mamaye ginin kusan mako uku, aka kuma ci gaba da gwagwarmaya har aka bar musu abarsu. Waɗannan su ne mutanen da ka ce ba su ɗauki boko a bakin komai ba.

'Ya'yan masallacinku ba son karatu suka fi shi ba. Abin da suka fi shi da shi, kusan kowannensu yana da wa ko ɗan kawu ko ɗan maƙwabci da ya riga ya bi hanyar, wanda zai ce masa ga fom ɗin, ga ranar rufewa, kada ka ji tsoron farashin. Agolanka shi ne na farko a gidansu. Na farko shi ke share hanya da ƙafarsa.

Don haka aikinka na farko ba shi da alaƙa da jami'a. Ka ba uwar haƙuri, a gaban yaron, ba a ɗaki ba. A gabansa ka zagi danginta, a gabansa za ka janye. Kar ka haɗa da "amma". Na san abu ne mai nauyi ga namijin Bahaushe, na kuma san ba za ka mutu ba.

Yanzu ga abin da nake ganin yana riƙe da shi. Igiyoyi ne da yawa, kuma kowace da irin kwancewarta.

Akwai abin da masu bincike ke kira familismo da Sifaniyanci, mu a wurinmu zumunci ne da sanin haƙƙin gida, sai dai su sun ba shi suna. Matthew Desmond da Ruth López Turley sun fitar da wani nazari a 2009 a kan ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Teksas. Sun gano cewa 'yan Latino sun fi sauran ɗalibai cewa yana da muhimmanci su ci gaba da kwana a gida yayin karatun jami'a, har da waɗanda iyayensu suka yi karatu mai zurfi. Kuma ɗalibin da ya faɗi haka ya fi yiwuwa ya ƙi neman gurbi, musamman a manyan jami'o'i masu wuyar shiga. Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne hoton da Amurka ke nuna wa yaro: jami'a wai ita ce a loda akwati a mota, a yi tafiyar awa biyar, uwa ta yi kuka a bakin ɗakin kwanan ɗalibai ta juyo. Yaron da ya taɓa rabuwa da uwarsa yana jariri, ya sake rabuwa da kakarsa yana shekara biyar, in aka nuna masa wannan hoton cewa zai yi a kai kasuwa. Ga shi kuma namiji. A cikin 'yan Latino mata sun fi maza shiga jami'a da tazara mai yawa, kuma ɗaya daga dalilan shi ne wanda kai ma ka sani: ana sa ran namiji ya fara shigo da wani abu gida da wuri.

To ku Allah ya yi muku gata, a Niyok kuke. Ba sai ya bar gadonsa ba. Jirgi mai lamba 4 zai sauke shi a bakin kwalejin Lehman. Tunda mai lissafi ne, ga City College a Harlem, da makarantarta ta injiniyoyi. In kuma da gaske harkar kanti ce ke ransa, ga Baruch a Manhattan, inda ake koyar da akanta da kasuwanci. Duka na CUNY ne, jami'ar birnin, kuma fom ɗaya ake cikewa a zaɓi kwaleji har shida. Kuɗin fom ɗin dala 65 ne, kuma a irin wannan lokaci na kaka akan yafe shi ga ɗaliban makarantun gwamnatin birni. Malamar shawara ta makarantarsu ta san ranakun.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan nake so ka gyara zama. Na yi imani a kan yaron akwai wani adadi, dala dubu 60 ko dubu 80 a shekara, wanda ya ji a intanet ko a bakin abokai, ya auna da abin da ke shigowa gidanku, ya rufe littafin bai gaya wa kowa ba. Yaro mai hankali ba ya roƙon abin da ya san babu. Ga shi mutanensu da yawa suna gudun bashin karatu kamar yadda muke gudun bashi da ruwa. Amma kuɗin makaranta a kwalejojin CUNY masu shekara huɗu dala 6,930 ne a shekara ga mazaunin jiha, masu shekara biyu kuma 4,800. Tallafin gwamnatin tarayya da ake kira Pell yana kaiwa dala 7,395 a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026. Na jihar Niyok, TAP, yana kaiwa 5,665. Dukansu kyauta ne, ba rance ba, ba a biya. Ɗalibin da ya samu cikakkensu, an biya masa makaranta, kuma ragowar Pell hannunsa take dawowa don littattafai da kuɗin jirgi da abinci. Ga gida mai mutum biyar irin naku, iyaye suna da aure, idan abin da ya rage a takardar haraji bai wuce kimanin dala 64,000 ba, ɗalibi yakan cancanci cikakken Pell. Ka lura na ce abin da ya rage. Kai direba ne, ba jimillar abin da fasinjoji suka biya ake dubawa ba, sai bayan an cire mai da inshora da gyaran mota kamar yadda ka rubuta wa hukumar haraji. In kun haura haka ma ba a rufe ƙofa ba, tallafin raguwa yake yi a hankali, kuma TAP da wani tallafin jiha mai suna Excelsior suna kaiwa ga gidajen da ke samun har dala 125,000.

Duk wannan ta ƙofa ɗaya ake shiga, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, FAFSA. Ga kuma abin da abokanka masu cewa ka zare hannu ba su sani ba: fom ɗin nan bai san kalmar agola ba. Yana tambayar iyayen da suka fi ɗaukar nauyin ɗalibi, kuma in uwa ta yi aure, mijinta yana ciki, da sunansa da abin da yake samu. Ko ka so ko ka ƙi, ko yaron ya kira ka Baba ko ya kira ka da sunanka, in ba a sa bayaninka ba fom ɗin bai cika ba. Na ga gidajen da mijin uwa ya ce shi ba ruwansa, ba ɗansa ba ne, ba zai nuna wa kowa harajinsa ba, yaro ya rasa tallafin da dama nasa ne. Sa suna a fom ɗin ba ya nufin ka ɗauki alkawarin biya, ba kuma bashi ne a kanka ba. Lissafi kawai ake yi da shi. Wanda zai shiga makaranta a kakar 2026, harajin 2024 ake amfani da shi, wanda kun riga kun cike.

Tsoron matarka kuma kar ka raina shi. Shirun da take yi ba rashin so ba ne, uwa ce da aka sa ta zaɓi tsakanin karatun ɗanta da zamanta kusa da 'ya'yanta uku. Ga yadda abin yake. Tallafin na ɗalibi ne, matsayinsa ake dubawa, kuma yaron ɗan ƙasa ne tunda a nan aka haife shi. Matsayin uwa ba ya hana shi ko sisi. Uwa ko uban da ba su da lambar soshiyal sikiyuriti suna iya shiga fom ɗin, kodayake da aka sauya tsarin a farkon 2024 irin waɗannan gidaje sun sha wuya, wata da watanni na'urar tana ƙin karɓarsu, kuma labarin ya zaga unguwanninsu ya bar tabo. Doka ta ce bayanin da aka bayar don lissafin tallafi ne. Amma ba zan ɓoye maka ba, a ƙarshen 2024 ƙungiyar NCAN, wadda aikinta ke nan taimaka wa yara shiga jami'a, ta fito ta ce ba za ta iya ba iyalai irin naku tabbacin cewa kariyar za ta ɗore ba. Saboda haka wanda ya ce maka babu komai, ya faɗi abin da ya fi saninsa.

Abu biyu ne suka sauƙaƙa naku. Na ɗaya, tunda ka shigar mata da takardu, hukumar shige da fice ta riga ta san sunanta da adireshinta, ba wani sabon asiri fom ɗin zai tona ba. Na biyu, in tare kuka cike haraji a matsayin ma'aurata, mutum ɗaya cikinku ya isa ya shiga ya sa hannu, kuma kai ne ya dace, kodayake za a tambayi sunanta da ranar haihuwarta. Duk da haka kar ka yanke hukunci da maganata. Ku je wurin lauyan da ke riƙe da takardunta, ku biyu, ta yi tambayar da bakinta, da Sifaniyanci, ta ji amsar da kunnenta. In kuɗin lauya ne matsala, CUNY tana da shirin Citizenship Now da ke ba da shawarar shige da fice kyauta. Kuma neman gurbi daban, neman tallafi daban. Yaron zai iya cike na CUNY a wannan makon, na FAFSA ya jira har ku dawo daga wurin lauya.

Bari in ɗan ratse saboda masu karatu da 'ya'yansu su kansu ba su da takarda, don na san akwai su a cikinmu ma. Waɗannan ba sa samun tallafin tarayya, kuma shirin DACA na 2012, mai kare waɗanda aka shigo da su suna yara daga kora, ya riga ya wuce yaran sakandare na yanzu, domin sai wanda yake ƙasar tun Yunin 2007. Amma jihar Niyok tana da dokar José Peralta ta 2019 da ta buɗe musu tallafin jiha. Ba ko'ina haka yake ba: Teksas da ta fara ba irin waɗannan ɗalibai rangwamen mazauna jiha a 2001, kotu ta soke shi a watan Yunin 2025.

Mu dawo kan kaka, domin a ganina nan ne kullin yake. Kana iya zaunar da shi ka karanta masa cewa a 2024 matsakaicin abin da mai digiri ke samu a mako a Amurka dala 1,543 ne, mai takardar sakandare kuma 930. Gaskiya ne, kuma yaro mai 90 a lissafi ya fi ka sanin haka. Sai dai maganin hawan jini ko na sukari na tsohuwa ba ya jiran shekara huɗu. Shi lissafinsa na wannan watan ne. A 2025 mafi ƙarancin albashi a birnin dala 16.50 ne a awa, wanda ya yi cikakken mako duk shekara ya haura dubu 34, kuma ga ɗan shekara 18 wannan dukiya ce. Ba da huɗuba za ka kayar da wannan lissafin ba, sai da aljihu. Ka tambaye shi nawa yake aikawa. Zan yi mamaki in ya wuce abin da kake samu a kwana ɗaya ko biyu a kan titi. Ka ce masa daga ranar da ya shiga aji har ranar da ya fita, wannan kuɗin a wuyanka yake, kai da uwarsa. Ka faɗa sau ɗaya, ka cika duk wata ba tare da an tuna maka ba, kuma kar ka taɓa goranta masa, ko da wasa. Ka bar shi ya ci gaba da aikawa da sunansa, shi ya kira ta ya ce abuela (wato kaka), kuɗin ya shiga? In ka karɓe masa wannan kiran ka karɓe masa girmansa.

Na san za ka ce Maraɗi ma na jira. Gaskiya ne. Amma surukarka ce, kakar 'ya'yanka biyu ce, ba baƙuwa ka ciyar ba.

Kuma ba sai ya bar kantin ba. Yawancin ɗaliban CUNY da na sani suna aiki. Ɗalibi yana iya samun sama da dala 11,000 a shekara ba tare da an taɓa lissafin tallafinsa ba. Asabar da Lahadi da yamma ɗaya ko biyu sun isa. Abin da ke kayar da yara shi ne awa 35 a bakin kanta, a ɗauki darasi biyu kacal, shekara ta zagayo an gaji an bari. Shi ya sa nake so ka riƙe sunan ASAP, shirin da CUNY ta fara a 2007: ana ba ɗalibi katin jirgi, da taimakon littattafai, da mai ba shi shawara da ke bibiyarsa, da sharaɗin ya yi cikakken karatu. Da aka gwada shi, kashi 40 cikin ɗari suka gama cikin shekara uku, a inda waɗanda ba sa ciki kashi 22 ne. Irinsa na digirin shekara huɗu ACE ake kiransa, kuma akwai shi a Lehman.

Ka je wurin kawun. Kai kanka ka san matsayin kawu, abin da ya faɗa a zaune ya fi abin da za ka faɗa a tsaye. Kar ka je a matsayin wanda ya zo ƙwace masa ma'aikaci. Ka sayi kofi, ka jira kanti ya lafa, ka ce shawara ka zo nema a kan ɗansu. Mutumin da ya shekara da shekaru yana tsaye awa 14 a bayan kanta, da wuya ya so wa ɗan 'yar'uwarsa irin ƙafafunsa. In ya ce wa yaron mijo (wato ɗana), kantin nan ba ya gudu, je ka karanto mana akanta, an gama rabin aikin. In kuma ka tarar shi ne ke zuga shi saboda yana buƙatar hannu mai amana, to ka san da wa kake, sai ku yi maganar awannin ƙarshen mako.

Abin da za ka roƙi yaron ƙarami ne, kuma ka tsaya a kansa. Kar ka ce ya yi alkawarin zuwa jami'a. Ka ce ya cike fom kawai. Neman gurbi ba tafiya ba ce. Amsa sai bayan sabuwar shekara, takardar da ke nuna ainihin abin da za a biya sai wajen Maris ko Afrilu, kuma yawancin makarantu sai 1 ga Mayu suke son jin e ko a'a. In ya ga adadin da idonsa ya ce har yanzu kanti yake so, ya zaɓa ne da sani. Wanda bai nema ba kuwa bai zaɓi komai ba, rana ce kawai ta wuce shi. CUNY tana fifita waɗanda suka nema kafin 1 ga Fabrairu, manyan jami'o'i masu zaman kansu da yawa farkon Janairu suke rufewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma kar ka tsaya a gaya masa, ka zauna da shi. An yi wani gwaji a Ohayo da Karolina ta Arewa a ofisoshin cike haraji na H&R Block. Wasu iyalai aka ba su bayani kawai a kan tallafin da za su iya samu, wasu kuma aka zauna aka cike musu fom ɗin nan take, abin 'yan mintuna. Bayani kaɗai bai canja komai ba. A gidajen da aka cike musu, kashi 36 cikin ɗari na yaran suka yi shekara biyu a kwaleji, sauran kuwa kashi 28. Ina yawan tuna wannan in na ji iyaye suna cewa ai na faɗa masa. Kar kuma ka dogara da makaranta ta yi maka. Ƙungiyar malaman shawara ta ƙasa ta ce kamata ya yi kowane ɗaya ya riƙe ɗalibi 250, amma matsakaicin ƙasar ya haura 350, kuma yaro mai natsuwa da ba ya jawo rigima shi ne wanda ake mantawa da shi. Ka ajiye mota rabin yini, ku je kai da uwar, ku nemi tafinta, haƙƙinta ne. Malamin lissafin nan da ya yi muku waya, ku biya ta ajinsa, shi zai rubuta masa takardar shaida.

Zan ƙara abu ɗaya da wataƙila uwar ba za ta so ba. Bayan CUNY, ya jefa ƙugiya a wuri biyu ko uku masu wuyar shiga. Masu bincike Caroline Hoxby da Christopher Avery sun nuna cewa mafi yawan haziƙan yara 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi a Amurka ba sa neman ko ɗaya daga irin waɗannan jami'o'i, alhali masu arzikin cikinsu sukan fi araha ga talaka saboda yawan tallafinsu. Fordham ma a cikin Bronx take, yana iya zuwa ya dawo ya ci abincin uwarsa. Ku tambayi malamar shawara ko ya cancanci shirye-shiryen taimaka wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, wato HEOP na jami'o'i masu zaman kansu, ko EOP na jami'o'in jiha, ko SEEK na CUNY. Wasu masu zaman kansu za su nemi wani fom na daban da ke tambayar mahaifinsa na jini. In ba a san inda yake ba, akwai hanyar neman a ɗauke wannan sharaɗi. In wata ta nesa ta ɗauke shi, wannan rigimar watan Afrilu ce, ka sake rubuto mini. Abin da ba na so shi ne ka mayar da Sonia Sotomayor bulala, kana cewa ga 'yar Bronx ta je Princeton ta zama alƙaliyar Kotun Ƙoli. Tun yana firamare ake nuna masa hotonta, ya gaji.

Maganar da ya faɗa maka ta yi zafi, na sani. Kai ka fara cewa "ku", shi kuma ya mayar maka da ita. Kar ka nemi ya janye, kar ka aika uwar ta sa shi ya ba ka haƙuri. Ranar Lahadi bayan an ci abinci, ka ɗauko takardun harajin 2024 ka ajiye a kan tebur a gabansa. Na san mazanmu, ko matarsu ba ta san abin da suke samu ba, balle agola. Ka buɗe masa duka, ya ga abin da ya shigo, ya ga na mai, ya ga na inshora, ya ga abin da ya rage. Ka ce masa akwai fom ɗin da ya nemi sunanka a gefen nasa, kai kuma kwamfuta ba ta jin maganarka kamar yadda take jin tasa, ya jawo kujera ya duba maka layin da ake nufi.